Wakanda ta ci kuɗi, mu mun ci kallo

Ranar da na fara ganin Black Panther, a wata fada ce da ke bayan kasuwar Dole a Damagaram, cikin zafin watan Afrilun 2018, bayan isha'i. Mun haura goma, mun zagaye kwamfuta guda da aka ɗora kan benci, kuran ya ɗauke tun magariba, kowa yana addu'a kada batir ya mutu kafin a gama. Kwafin kuwa irin wanda wani ya shiga sinima da salula ya ɗauko a ɓoye ne. Hoton a karkace, jefi-jefi kan wani mutum ya gitta ya tare mana sarki, muna jin tarin wata mata da dariyar mutanen da ba mu san ko a wace ƙasa suke zaune ba. Da Faransanci ake magana, don haka ɗan ƙanwata, wanda yake lisse a lokacin, shi ya zama tafinta, yana fassara yana ƙara gishiri, har sarkin Wakanda, ƙasar Afirka da aka ƙirƙira a fim ɗin, ya dinga rantsuwa da kabarin kakansa. Abin da aka kashe a daren nan dala ashirin ce ta mai tura fim, sai kuɗin sukari da ganyen shayi.

Da aka gama, yaron nan ya juyo gare ni, idonsa na ƙyalli. "Kawu, ka san fim ɗin nan ya haura biliyan ɗaya? Wallahi mun nuna musu!"

Na ce masa, "Mu da wa?"

Bai ji daɗin tambayar ba, ni ma daga baya na ga kamar na zuba wa yaro ruwan sanyi ba gaira ba dalili. Amma tambayar ba ta bar ni ba har yau, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Yaron bai yi ƙarya ba. Fim ɗin ya fito a watan Fabrairun 2018, kamfanin Marvel da ke ƙarƙashin Disney ya yi shi, an kashe masa wajen dalar Amurka miliyan 200. A ƙarshen makon farko kawai, a Amurka da Kanada, ya tara sama da miliyan 200, wato ya kamo adadin da aka kashe masa cikin kwana uku. Kafin a sauke shi daga sinimomi ya haɗa sama da biliyan 1.3 a duniya, miliyan 700 daga ciki daga Amurka da Kanada. In aka juya shi zuwa sefa a canjin wancan lokacin, ya zarce miliyar 700. (Mai karatu ya lura, dalar da nake faɗi nan ba tamu ba ce ta faran biyar. Da tamu ce da sauƙi.) Ya ci kyautar Oskar uku a 2019, wato babbar kyautar finafinai ta Amurka, na sutura da na tsara wurare da na kiɗa, kuma shi ne fim ɗin jarumai masu ƙarfin ban mamaki na farko da aka sa cikin takarar gwarzon fim na shekara. Har a Saudiyya, da aka sake buɗe sinima a Riyad a watan Afrilun 2018 bayan shekara 35 a rufe, da shi aka buɗe.

To yaya ake ƙirga kuɗin nan? Da tikiti. Mutum ya je ƙofar sinima, ya biya, na'ura ta rubuta, a tura lissafi. Kusan rabin kuɗin yana tsayawa hannun masu sinima, saura ya koma wa kamfani, wanda ban da kuɗin yin fim ya riga ya zuba wasu maƙudan a talla. Shi ya sa fim zai iya tara abin da ya fi kuɗin yinsa amma a ce ya faɗi. Daga wannan lissafin ne manyan kamfanin suke yanke shawara ko a yi kashi na biyu, wa za a sa, wane irin labari ne ke sayuwa. Wanda bai sayi tikiti ba, ko da ya haddace fim ɗin kamar karatun allo, ba ya cikin littafinsu. Mu goma sha da muka yi gumi a bayan kasuwar Dole, da dubban irinmu daga Garin Malam zuwa Kara-Kara, daga Mirriya zuwa Magarya, babu ɗayanmu a cikin biliyan 1.3 ɗin nan. Dala ashirin ɗinmu ta tsaya ne a aljihun yaron da ke da rumfa da kwamfuta da kebul, Allah ya sa masa albarka, shi ma abincinsa yake nema.

Ba zargin kowa nake ba. Ina za mu sayi tikitin? Damagaram da ta taɓa zama babban birnin ƙasar nan har 1926, yau ba ta da inda mutum zai je ranar da sabon fim ya fito a duniya ya biya ya zauna ya kalla. Iyayenmu da yayyenmu sun san sinima, sun san layin tikiti da ihun da ake yi in jarumin Indiya ya taso, amma bidiyo da faifai da yanzu salula sun binne wannan. A 2018 mai son ganin Black Panther a babban allo sai ya kama hanyar Yamai, kilomita wajen 900, inda aka buɗe sinimar CanalOlympia shekara guda kafin nan, ko kuwa ya tsallaka iyaka zuwa Kano. Kuɗin mota kawai ya ninka na tikiti sau nawa? Babu mai hankalin da zai yi wannan don fim na awa biyu, sai dai in dama wata sabga ta kai shi.

Son da aka yi wa fim ɗin nan a garin nan kuwa na gaske ne, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba irin son da ake yi wa fim ɗin faɗa na Cana ba ne. Wata da watanni samari suna gaisawa da haɗa hannu biyu a ƙirji. Masu kabu-kabu sun manna hoton baƙar damisa, alamar jarumin fim ɗin, a tankin moto. Akwai telan da na sani a Zango da aka dinga kai wa hoton rigar sarkin a salula ana cewa irin wannan aikin wuyan ake so na sallah, shi kuwa yana dariya yana cewa ai wannan ɗinkin namu ne aka ɗauka aka mayar mana. Yana da gaskiya ta wani fannin. Matar da ta tsara suturar fim ɗin, Ruth Carter, ta ɗebo daga wurare da yawa na Afirka: bargunan Lesoto, zobban wuya na Ndebele, hular matan Zulu, kuma kayan ƙabilar ƴan kasuwar Wakanda daga Buzaye ta ɗauko su. Harshen da suke yi Kosa ne na Afirka ta Kudu. Muryar da ke tashi in an nufi Wakanda ta Baba Mal ce, mawaƙin Senegal. Duk wanda ya saba ganin baƙar fata a fim ɗin Turawa a matsayin ɗan aike ko ɗan ta'adda ko wanda za a fara kashewa, dole gabansa ya yi fari da ya ga sarki da fada da ƴan majalisa da kimiyya, duka baƙaƙe. Ni ma nawa ya yi. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji tsigar jikina ta tashi ba.

Sai dai abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gardamar da ta biyo baya, domin a fadarmu ba sarkin ne ya ci zaɓe ba. Mugun fim ɗin, Killmonger, shi ya tafi da zukatan yara. Wurin da ya tsaya a gidan tarihi na Ingila yana tambayar baturiyar nan yadda aka yi kayan kakanninsa suka zo hannunsu, sai da aka mayar da shi baya sau uku. Wani ɗalibin jami'a da ke zama da mu ya ce shi bai gane ba: ƙasa tana da wani ƙarfe mai ban mamaki da ya ba ta arzikin da ya fi na kowa, ƴan uwanta suna shan wuya a ko'ina, wanda ya ce a tashi a taimake su shi ne mugu, ɗan leƙen asirin Amurka kuma shi ne abokin kirki? Mai shayinmu, wanda bai taɓa shiga lakwal ba, ya ɗago daga kan gawayi ya ce, "Malam, ai wannan ƙarfen nasu uraniyom ne aka sauya wa suna." Aka kwashe da dariya, amma kowa ya san inda maganar ta dosa. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, Faransa tana samun mafi yawan wutarta daga nukiliya, mu kuwa ga mu muna kallon fim da ragowar batir. Ga matatar mai ta SORAZ nan arewa da gari tun 2011. Ba sai an yi wa ɗan Nijar dogon bayani a kan ƙasa mai arziki a ƙarƙashin ƙasa ba. Bambancin shi ne Wakanda ta ɓoye nata, ba ta taɓa shiga hannun ɗan mulkin mallaka ba, kuma a fim ne kawai ake samun irin wannan.

Akwai kuma abin da ya ɗan sosa min rai, wanda yaran ba su damu da shi ba. A farko-farkon fim ɗin, wuri na gaske da aka nuna a yankinmu shi ne dajin Sambisa, da ƴan bindiga da matan da aka sace a cikin motoci. Wato Afirkar ƙirƙira ce mai haske, tamu ta gaske kuwa an ba ta minti biyar na dare da bindiga. Mu da Diffa ke maƙwabtaka da mu, mun san wannan labarin ba wasa ba ne, kuma babu wata damisa da ta diro daga sama ta ceci kowa.

Kashi na biyu ya zo a watan Nuwamban 2022, bayan rasuwar Chadwick Boseman da ya fito a matsayin sarkin, wanda ciwon daji na hanji ya ɗauke a watan Agustan 2020 yana da shekara 43, ya yi ta aiki da ciwon ba tare da duniya ta sani ba. Wannan karon kuɗin ya ragu, wajen dalar Amurka miliyan 859. A fadarmu ma ba a yi ɗokinsa kamar na farko ba, an ce ya yi tsawo, ya yi kuka da yawa, babu sarki. Wuri guda ne ya yi ta yawo a WhatsApp: inda aka nuna sojojin haya masu magana da Faransanci sun kai hari wata cibiya a Ansongo ta Mali don satar ƙarfen, sarauniyar Wakanda ta tona asirin Faransa a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Har ministan tsaron Faransa na lokacin, Sebastiyan Lekornu, sai da ya fito a watan Fabrairun 2023 ya yi tir da abin. Wata biyar bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, kafin ƙarshen shekarar sojojin Faransa sun fice daga ƙasar. Ba fim ne ya jawo haka ba, kada a ce na ce. Amma na ga mutane suna tura guntun nan kamar wata hujja, har da masu cewa Amurkawa ma sun shaida. Ni dai na san kamfanin da ya yi fim ɗin bai yi shi don ya ƴantar da Sahel ba. Ya lura akwai masu sayen irin wannan labarin, ya sayar musu. In gobe lissafi ya nuna akasin haka, akasin haka za su yi. Ga shi nan a 2023 wani fim ɗin nasu, The Marvels, ya tsaya a miliyan 200 da ƴan kai, mafi ƙanƙanta a jerin finafinansu, nan take aka shiga maganar rage yawan abin da suke fitarwa.

Ga inda nake so a kalla da kyau. Kashi na biyun nan an yi masa bikin fitowa a Legas, taurarinsa suka sauka can da kansu. Me ya kai su? Najeriya tana da sinimomi masu sayar da tikiti, ana buga lissafinsu duk mako. Fim ɗin ya zama na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinimomin can. A ma'aunin Disney wannan ba wani kuɗi ba ne, amma adadi ne da ake iya nunawa a takarda, kuma shi ya sa aka san da zaman ƴan kallon Legas. Abin da ya fi wannan muhimmanci ya faru shekara guda bayan nan: a watan Janairun 2024 fim ɗin Funke Akindele, na gida, ya haura wannan biliyan ɗin, ya kere na Marvel. Kujerun da aka kafa don kallon jaruman Amurka su ne suka ɗauki fim ɗin gida suka kai shi can. Makaɗi dai wanda ya yi masa kari yake wasawa, duk wanda ya taɓa zuwa biki ya san haka. Mu muna tsaye a bayan taro muna rawa da kai, muna jin haushi ba a ambaci sunan kakanmu ba.

Kuma ba labarin ne ba mu da shi. Garin da Sarki Tanimu ya zagaye da ganuwa, aka ƙera masa igwa a nan cikin gida, fatake suka dinga zuwa daga Tarabulus. Garin da aka kashe kyaftin Kazamaju na Faransa a 1898, Amadu Kuran Daga ya fita ya tari sojan Faransa a Tirmini a 1899. A shekarar nan ce Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Vule da Shanuwan a Lugu, labarin da Abdullahi Mamani ya rubuta, Med Hondo ya mayar fim ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987. Kafin shi Umaru Ganda, ɗan ƙasar nan, shi ya fara cin wannan kyautar a 1972. Ƴar garin nan Aisha Maki ta yi fim a kan samarin unguwar Kara-Kara a 2021, an kalle shi a bukukuwan finafinai na ƙasashen waje. Na tambayi yaran fadarmu wa ya ga ɗaya daga cikin waɗannan. Biyu ne suka ce sun ga guntun na Kara-Kara a salula. Amma a tambaye su sunan ƙanwar sarkin Wakanda, har mai shayi zai amsa. Zanen aro ne muka yafa muke taƙama, kuma an san ba ya rufe katara.

Za a ce min talauci ne, wanda bai ci ba ina shi ina tikiti. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Amma ina ganin yadda ake cika gidan kallon ƙwallo ranar da Real Madrid da Barcelona za su kara, kowa ya biya a ƙofa, ba wanda ya ce a bar shi ya shiga don Allah. Ina ganin yadda filin kokawa ke tumbatsa in ana gasar takobi. Ina ganin abin da yaran nan ke zubawa a kuɗin intanet duk mako don TikTok. Mutumin Damagaram yana biyan kuɗin nishaɗi, in dai abin na kusa da shi, farashin daidai aljihunsa, kuma ba zai same shi kyauta a rumfar gaba ba. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan matsalar, kuma shi ya durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa na Kano da muka fi kowa kallo, har masu yin su suka koma YouTube suna jiran abin da talla za ta kawo. Can ma dai ƙirga ce: fim mai dogon zango da aka ga adadin masu kallonsa ya hau shi ake ci gaba da yi, wanda bai hau ba a watsar.

Za a kuma ce min sinima matattarar lalata ce. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu, kuma ban raina masu yin ta ba. A 2016 irin wannan adawar ce ta sa gwamnatin Najeriya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kano. Tsofaffin sinimomi sun bar mummunan suna, ba a banza ba. Sai dai ina roƙon malamanmu su dubi abin da ke faruwa yanzu. Rashin sinima bai hana kallo ba, ya dai mayar da shi cikin ɗaki, cikin bargo, a salular da uba bai san abin da ke cikinta ba. Mai tura fim ba ya tambayar shekarun yaro. Zaure mai ƙofa guda, mai fitila, da lokacin mata da yara daban, da wanda ke duba abin da za a nuna, a tashi kafin dare ya yi nisa, ya fi sauƙin sa ido a kai fiye da katin waya dubu goma da ke yawo a aljihun yara.

Abin da nake hange bai kai girman abin da ake gani a Legas ko Yamai ba. Zaure ne mai kujera ɗari ko ɗari biyu, da farantan sola tunda mun ga yadda muka kwana a duhu da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, da tikitin da bai wuce jaka guda ba, da littafin da ake rubuta mutum nawa suka shiga. Littafin nan shi ne ya fi komai daraja a wurina. Ranar da mai shirya fim zai iya zuwa wurin ɗan kasuwa ya buɗe masa shafi ya ce, "Alhaji, ga mutum dubu kaza da suka biya suka kalli wancan a Damagaram da Maradi da Tawa, ka sa kuɗi mu yi na Tirmini," ranar ce za a fara maganar jarumin gida da gaske. Alhazan garin nan ba sa zuba kuɗi a abin da ba su ga lissafinsa ba, kuma ban ga laifinsu ba. A nuna na Amurka ma a zauren, me zai hana? In damisar Wakanda ce za ta fara jawo mutane su saba da biya a ƙofa, to ta yi mana rana.

Ɗan ƙanwar nan tawa yanzu ya gama jami'a, yana jiran aiki, kuma kamar yadda aka saba, ya buɗe rumfar cajin waya da tura fim a bakin titi. Kwanaki na biya ta wurinsa da la'asar, na tarar da wasu ƴan mata biyu da hijabi suna jira ya zuba musu wani fim mai dogon zango, wani yaro kuma yana tambayar ko sabon Spider-Man ya shigo. Na tuna masa maganarmu ta 2018. Ya yi dariya ya ce ya tuna sarai, har yanzu yana jin haushina. Na ce to yanzu shi nawa yake aika wa Disney a wata? Ya ce, "Haba Kawu, su da ke da biliyan?" Ya zare kati daga kwamfuta ya miƙa wa yaron, ya karɓi dala ashirin ya jefa a gwangwani.